Labarin Jar Fatar Ƙasar Hausa, Da Yadda Ta Sami Sunan Maroko

Akwai wata irin fata wadda masu ɗinkin littattafai na ƙasashen Turai su ke girmamawa ƙwarai, suna kiranta fatar Maroko. Ita a ke yi wa littafin da a ke so ya daɗe bango da ita, kamar na gidan sarauta, ko na majami'a, ko na gidan shari'a. Ga ta da laushi, ga ƙarfi, in kuwa aka buga mata rubutu da ruwan zinariya sai ya zauna daram. To, jama'a, da yawa daga cikin awakin da aka feɗe aka sami fatar nan ba su taɓa shan ruwan Maroko ba. A ƙasar Sakkwato aka haife su, ko Zamfara, ko Katsina, ko Maraɗi, majemanmu ne kuwa suka jeme fatun, suka rina su, kafin raƙuma su haye Sahara da su. Da ya ke Baturen da ya saya a bakin teku bai san inda ayari ya taso ba, sai ya ba ta sunan ƙasar da ya sani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma fa kada mu zarce gona da iri, kamar yadda waɗansu su kan yi in suna ba da labarin nan. Mutanen Maroko suna da jimarsu tun da daɗewa, majemar birnin Fas kuwa har yau tana aiki, sunan kuma ya riga ya kafu a bakin Turawa a kan kowace jemammiyar fatar akuya mai kyau, ko daga ina ta fito. Abin da ya faru shi ne tamu ta shiga cikin tasu, ta tafi da sunansu. Haka al'adar cinikin fata ta ke tun fil azal, sunan kasuwa ya kan danne na majemi. Mutanen Sifen suna da wata fata mai ado wadda suka samo sunanta daga Gadamus, Ingilishi kuma suna da wata da suka raɗa wa sunan Ƙurɗuba ta Andalus.

Tsufan Sana'ar

Jima ta girmi rubutu a ƙasar nan. Tun kakanninmu ba su san saƙa sosai ba, warki su ke ɗaurawa, a kan fata su ke kwana, da ita su ke jawo ruwa daga rijiya. Maharbi yana bukatar kwari, maƙeri yana bukatar zugazugi, makaɗi yana bukatar abin da zai rufe bakin gangarsa, mayaƙi kuwa ba ya fita sai da garkuwa. Da doki ya yawaita a hannun sarakuna sai aikin ya ƙaru, don doki ba ya hawuwa sai da sirdi da linzami da majayi, mahayi kuma yana son kube ga takobinsa. Littafin Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kananeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, aka fara lifidi da kwalkwali da sulke a Kano, watau tun lokacin kayan doki sun zama abin da sarki ya ke kula da shi da kansa.

Musulunci kuma ya zo da nasa aikin. Wangarawa sun iso Kano a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, littattafai suka yi ta shigowa bayansu. Littafin wancan zamani warƙa-warƙa ne, ba a ɗinke shi ba, saboda haka dole a yi masa tadarishi na fata a naɗe shi, a kuma ɗinka masa gafaka mai maratayi. Ga laya, ga guru, ga kambu, ga buzun da malam ya ke zama a kai. Ko shari'a ma ta sa baki cikin al'amarin, gama a mazhabar Maliku ba a sayar da fatar layya, sai dai mai ita ya yi amfani da ita ko ya bayar, fatar mushe kuwa ko an jeme ta ba a salla a kanta. Wannan ya sa majemin ƙasar Hausa ya ke tambayar asalin fata kafin ya taya.

Wanda ya fara kai labarin dukawanmu ga kunnen Turawa shi ne wani mutumin Fas, Hasan ɗan Muhammadu Alwazzan, wanda su ke kira Leo Africanus. Ya gama littafinsa cikin shekara ta 1526, aka buga shi a birnin Banis cikin 1550. A ciki ya ba da labarin Gobir, ya ce ana yin waɗansu takalma can irin na Rumawan dā, ana kai mafi yawansu Tambutu da Gawo. Ku duba fa, shekara 500 ke nan da suka wuce, baduku yana zaune a Gobir yana ɗinka wa mutumin Tambutu abin da zai taka. A zamanin nan kuwa kasuwar Kurmi ta riga ta kafu a Kano, tun mulkin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499.

Akuya, Da Bagaruwa, Da Karan Dafi

Kafin mu bi ayari, ya kamata mu tsaya mu ga abin da ya ke ɗauke da shi, don darajar fatar nan ba a banza ta samu ba.

Tushen abin jar akuya ce, wadda a Nijeriya a ke kira ta Sakkwato, a Nijar kuma ta Maraɗi, alhali kuwa akuya ɗaya ce, iyakar da Ingilishi da Faransawa suka ja ce ta raba mata suna. Ba ta da girma, gashinta gajere ne mai sheƙi, ja wur, ta kan haifi biyu, wani lokaci har uku. Fatarta ba kauri, amma a matse ta ke, ba ta yagewa da wuri, fuskarta kuma lallausa ce. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, a ƙasar Hausa akuya dukiyar mata ce. Ita a ke ba yarinya ta fara jari, ita tsohuwa ta ke ɗaure wa a bayan ɗaki tana ba ta dusa da harawa. Ashe ke nan bangon littafin da ya ke cikin gidan sarautar Ingila, in aka bi salsalarsa, a turken wata mata ya faro.

Daga hannun mahauci fata ta kan faɗa hannun majemi. Da fari ya jiƙa ta ta yi laushi, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan toka ta kwana biyu ko uku, har gashi ya saki. Sai ya shimfiɗa ta bisa gungume ya kankare da kartaji. Bayan wannan a kan sa ta cikin ruwan kashin tattabara, ko na wani ganye da a ke kira fataka, don ya cinye sauran tsoka, ya kashe kaifin toka, fata ta saki jiki. Nan ne warin da a ke gudu ya ke fitowa, nan ne kuwa gwani ya ke bambanta da ɗan koyo, gama in ta daɗe ciki ta ruɓe, in an yi gaggawa ta fito da tauri kamar ƙirgi. Ba agogo, ba ma'auni, sai yatsa da hanci. In ta yi, a wanke, a kuma kankare, sa'an nan a kai ta ga bagaruwa, wadda Sakkwatawa da Katsinawa su ke ce wa gabaruwa. A kan daka 'ya'yanta a jiƙa cikin kwatarniya, a tsoma fata ana cuɗawa, ana sake ruwa, har tsamin ya ratsa ta ciki da baya. Daga nan a shafa mata man gyaɗa ko man shanu, a shanya a inuwa, a yi ta ja ana murzawa har ta yi laushi kamar tsumma.

Ja kuwa, wanda shi ne ya yi mata suna, daga karan dafi a ke samunsa. Wata irin dawa ce da a ke shukawa saboda jan da ya ke jikin kubenta, ba don tuwo ba. A daka, a haɗa da ruwan kanwa, a shafa wa fata, sa'an nan a bi ta da ɗan tsami don launin ya tashi. Baƙi daga kashin maƙera a ke yinsa, gama ƙarfe in ya gamu da bagaruwa baƙi ya ke komawa. Rawaya daga saiwa a ke samunta. Tsanwa ita ce mai wuya, da garin tagulla a ke haɗa ta, Kano kuwa ta yi suna a kanta har Buzaye su kan zo saye, su kai wa matan maƙeransu, don a wajensu mata ne su ke dukanci, a wajenmu kuwa maza.

Majemi dabam, baduku dabam, ko da ya ke baƙo ya kan haɗa su. Majemi ya kan tsaya inda fata ta jemu. Baduku shi ne mai wuƙa da basilla, shi ya ke yanka, ya ɗinka, ya yi zāne, ya tsaga jar fata ya sa tsanwa ta leƙo ta ƙarƙashi. Cikin dukawa ma akwai na takalma, akwai na kayan doki, akwai masu zabira da tumtum. Kowace ƙungiya tana da unguwarta da sarkinta, kamar yadda mahauta da maƙera su ke da nasu, sunan unguwar Dukawa kuwa har yau yana nan cikin birnin Kano. Sai dai a faɗi gaskiya, jama'armu ba su yi wa majemi adalci ba. Sun sa shi can ƙasa cikin jerin masu sana'a saboda wari, har a kan yi nawar ba shi aure, alhali attajirin da ya ke toshe hanci in ya bi ta majema, da gumin majemin nan ya gina soronsa.

Abin Da Baƙi Suka Gani

Cikin shekara ta 1824 Baturen Ingila Kilabatan, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdullahi, ya sauka Kano, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abubuwan da suka ba shi sha'awa har da tandu. Ya ga yadda a ke gina siffar tulu da yumɓu, a lulluɓe ta da ɗanyar fata da aka jiƙa, in ta bushe a fasa yumɓun a zazzage, sai ga mazubin mai ko zuma wanda ba ya fashewa ko ya faɗo daga kan jaki.

Wanda ya fi shi ƙididdiga shi ne Bajamushen nan Barth, mai laƙabi Abdulkarimu, wanda ya iso Kano cikin watan Fabrairu na 1851. Shi mutum ne mai son lissafi, bai bar kome a kasuwar Kurmi ba sai da ya kimanta. A ganinsa takalman da Kano ta ke fitarwa a shekara sun kai na wuri 10,000,000, jemammun ƙiraga da jajayen fatun tumaki kuwa na wuri 5,000,000, ya kuma ce ana kai su har Tarabulus. Da ya ke keso guda wuri 20,000 ne, takalma sun tashi keso 500 ke nan, fatu keso 250. Kada mai karatu ya ruɗu da yawan sifirin, gama a lissafin mutumin nan tufafin Kano sun kai na wuri 300,000,000, watau saƙa da rini su ne uwa, fata 'yar rakiya ce. Amma akwai abin lura a nan: a zamanin Barth abin da baduku ya ɗinka ya ninka abin da majemi ya sayar a kuɗi. Kano gamammen kaya ta ke fitarwa fiye da fata zalla. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Hanyar kuwa sananniya ce. Ayari ya tashi daga Kano ya bi Damagaram, ya ratsa Damargu zuwa Agadas, ya haye Azbin zuwa Gat, daga can Gadamus, sa'an nan Tarabulus, tafiyar watanni. Larabawan Gadamus su ne masu jari, suna da gidaje a Kano wajen Dandalin Turawa da Alfindiki. Turawan da a ke nufi cikin sunan unguwar nan Larabawa ne, don da su a ke kira haka kafin Nasara su zo su gaje sunan. Buzaye su ne masu raƙuma da ja-gora. Ta kudu maso yamma kuma fatake masu zuwa Gwanja saro goro su kan tafi da takalma da layu da kayan doki zuwa Salaga, har mayaƙan Asante suka riƙa sa riguna da aka lulluɓe da layu ɗinkin fata.

A ƙarshen ƙarni na 19 ne cinikin fata ya kai ƙarshen ƙarfinsa a hanyar Sahara. Cinikin bayi ya ja da baya, gashin jimina ya faɗi a kasuwar Turai, hauren giwa ya yi ƙaranci, Rabe kuma ya ci Barno cikin 1893 ya toshe hanyar can. Sai jemammiyar fatar akuya ta zama babban kayan da ayarin Kano ya ke kai wa Tarabulus, daga can jiragen ruwa su kwashe zuwa Ingila da Amurka.

Yadda Ta Sami Sunanta A Ingila

A daidai lokacin nan wata masifa ta sami masu ajiye littattafai a Ingila. Sai suka ga bangon littattafan da aka ɗinka shekara talatin ko arba'in da suka wuce yana ruɓewa, in an taɓa ya zama jan gari a hannu, alhali na shekara ɗari uku yana nan garau. Wata ƙungiyar masana ta Landan, mai kula da sana'o'i, ta naɗa kwamiti ya bincika, ya ba da rahotonsa cikin 1901. Suka tarar laifin na sabuwar jimar masana'antu ne, wadda a ke sa wa ruwan guba mai ƙarfi don a yi sauri launi kuma ya fito, ga kuma hayaƙin fitilar gas da na kwal yana ƙara cin fatar.

Cikin mutanen kwamitin nan akwai wani gwanin ɗinkin littattafai, Douglas Cockerell, wanda ya ke koyar da sana'ar a Landan. Shi ne ya yi ta yabon wata jar fata da Kamfanin Neja ya ke kawowa ta bakin kogin Kwara, yana ɗinka littattafansa da ita, ya kuma ambace ta cikin littafin koyarwa da ya buga a shekarar nan ta 1901. Da ya ke ta kogi ta fito, ba ta Sahara ba, sai aka fara kiranta da sunan kogin, watau fatar Neja. Ta haka ta shiga kasuwar Turai da sunan da ya kusa da gida. Bayan shekaru, cikin 1930 da 'yan kai, masu bincike na Ingila suka gano dalilin ƙarkonta. Irin tsamin da ya ke cikin bagaruwa yana da jure wa gurɓataccen iska, ban da haka kuma jimar gargajiya ta kan bar waɗansu gishirai cikin fata masu kare ta, waɗanda masana'anta ta kan wanke ta zubar. Majemin Sakkwato bai san sunayen gishiran nan ba, amma shi ya bar su a ciki.

Tun daga lokacin fatar nan ta shiga hannun waɗanda ba sana'arsu ba ce. A Ingila da Amurka akwai mutane da yawa, malaman makaranta, da likitoci, da tsofaffin ma'aikata, waɗanda in sun taso aiki su kan zauna da maraice suna ɗinka littafi ko jakar kuɗi don sha'awa kawai, suna da ƙungiyoyi da azuzuwan dare. Fatar akuyar Nijeriya tana cikin abin da su ke nema, don tana fiƙuwa da wuƙa ba ta yage ba, har tabon ƙaya da ya ke jikinta, wanda dillali ya ke rage wa kuɗi saboda shi, su a wurinsu ado ne.

Zuwan Jirgin Ƙasa

Ingilishi suka ci Kano cikin Fabrairu na 1903, Sakkwato cikin Maris. Ba a daɗe ba kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna a Kano suna sayen fata. Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, a shekarar nan kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus da yaƙi. Abin da raƙumi ya ke kaiwa cikin watanni, jirgi ya kai shi Ikko cikin kwanaki, a kuɗi kaɗan. Ayarin Gadamus ya mutu, waɗansu Larabawan suka koma aiko da kayansu ta teku.

Mutuwar ayari ba ita ce babbar hasara ba. Babbar hasara ta zo ne daga wani abu da aka ƙago a Amurka cikin 1884, watau jima da wani gishirin ƙarfe da a ke kira kurom, wadda ta ke gamawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ta kuma ba da fata mai sheƙi irin wadda masu takalman mata da safar hannu su ke so. Masu wannan jima ba su bukatar fatar da bagaruwa ta taɓa, ɗanya su ke so, busasshiya. Saboda haka kantunan Kano suka fi ba da ƙarfi ga sayen ɗanyar fata, suka ɗaure ta dami-dami zuwa Ikko. Kuɗi sun shigo, gaskiya ne, mahauta da dillalai sun samu. Amma ƙasar da Barth ya tarar tana fitar da takalmi ta koma tana fitar da abin da wani zai yi takalmi da shi, aikin majemi da na baduku kuwa ya ƙaura zuwa wata ƙasa.

Gwamnatin mulkin mallaka ta sa hankali ƙwarai ga gyaran ɗanyar fatar nan, ta hannun ma'aikatar dabbobi, wadda ta kafa hedkwatarta a Bom cikin 1924. Aka ɗauki malaman fata a ƙarƙashin En'e suna zaga kasuwanni. Suka hana shanya fata a ƙasa cikin rana, don bayanta ya kan bushe cikinta ya ruɓe, sai an kai Turai an jiƙa a ga ɓarna. Aka gina rumfuna, a ɗaure fata da igiya cikin katako ta sha iska ta kowane gefe. Aka koya wa mahauta fiɗa da wuƙa mai zagayayyen baki, aka yi ta faɗa a kan yi wa shanu lalas a tsakiyar jiki. A lardin Sakkwato har aka riƙa dandaƙe bunsuran da ba ja ba, don irin ya tsarkaka. Talakawa sun ji haushin waɗansu daga cikin dokokin nan, musamman matan da aka taɓa wa bunsuru, amma shanya a inuwa ta tabbata alheri ce, don fatarta ta fi tsada. Abin da za a ce kawai, duk wannan ɗawainiya saboda masana'antun Ingila aka yi ta, majemin gida ba a kula da shi haka ba. A Nijar ma, bayan samun mulkin kai, an kafa gidan kiwon jar akuya a Maraɗi cikin 1963 don a yaɗa irinta.

Daga Mulkin Kai Zuwa Yau

Bayan 1960 aka yi ƙoƙarin komo da aikin gida. Cikin 1964 aka kafa wurin koyar da gyaran fata a Samaru ta Zariya, wanda ya girma ya zama cibiyar binciken fata ta ƙasa. Masana'antun jima na zamani suka tashi a Kano, a Bompai da Sharaɗa da Challawa, har Kano ta zama cibiyar jimar Nijeriya duka, fatu suna shigo mata daga Nijar da Cadi da Kamaru. Amma mafi yawan abin da su ke fitarwa fata ce da aka jeme, a kai Italiya da Sifen, can a yanka, a ɗinka, a buga mata sunan wani kamfani. Sunan Maroko ya tafi, na Italiya ya maye gurbinsa. Ruwan kurom da masana'antun su ke zubarwa kuma ya ɓata kogin Challawa, manoman bakinsa sun sha kuka a kai. Ƙirgin saniya kuwa yanzu tukunya ta fi majemi samunsa, gama ganda ta zama abin marmari kudu da arewa.

A cikin gida roba ce ta yi wa baduku illa. Jarka ta kori salka da tandu, buhu ya kori taiki, guga ta koma ta tsohuwar taya, takalmin roba kuwa ya fi arha, ruwa ba ya ɓata shi. Yaro ya kan ji an ce an bar jaki ana dukan taiki, bai taɓa ganin taikin ba. Abin da ya rage da ƙarfi shi ne wanda roba ba ta iya shiga: kayan doki na hawan salla, da kuben takobi, da gafaka, da fatar kalangu da ta tambari, da takalman da a ke zuwa biki da su. Hawan sallar Kano ma ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO cikin Disamba na 2024, kowane doki kuwa da ya ke cikin jerin gwanon nan yana ɗauke da aikin baduku tun daga ka har ƙafa. A Naraguta kusa da Jos, da Sakkwato, da Damagaram, da Agadas, akwai masu ɗinka jaka da tumtum don baƙi, waɗansu samari kuma sun fara sayar da nasu ta intanet da sunan garinsu. A majemar Ƙofar Wambai cikin birnin Kano har yau ana daka bagaruwa, ana kankara da kartaji, ko da ya ke yawancin jan da a ke shafawa yanzu na gwangwani ne, karan dafi sai wanda ya yi oda ya kuma yarda ya biya.